Wa Aka Rubuta Wa Wahayin Yahaya?

Yau za mu buɗe littafin ƙarshe na Littafi Mai Tsarki, wato Wahayin Yahaya, wanda iyayenmu da suka yi karatu da tsohuwar fassara suka fi sani da Ru'ya ta Yohanna. A gidaje da yawa ana karanta Zabura da Bishara a sujadar safe, amma da an iso wannan littafi sai a rufe. Waɗansu tsoro yake ba su. Waɗansu kuwa sun mai da shi littafin duba, suna neman ranar tashin duniya a ciki.

Bari mu fara da tambayar da akan yi wa kowace wasiƙa: wa aka aika wa? Yahaya yana tsibirin Batmusa saboda shaidar Yesu, a wajajen shekara ta 95 bayan haihuwar Almasihu bisa ga ra'ayin yawancin masana, zamanin Kaisar Domitiyan. Ya rubuta wa ikilisiyoyi bakwai: Afisa, Samirna, Birgamas, Tayatira, Sardisu, Filadelfiya da Lawudikiya. Garuruwa ne na gaske, a ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu. Masu bi a can ba su da yawa, ba su da ƙarfi. A Birgamas an riga an kashe wani mai suna Antibas. An faɗa wa na Samirna za a jefa waɗansunsu a kurkuku, kuma wajen shekara 60 bayan haka aka kashe shugabansu Folikab a garin, domin ya ƙi ya zagi Almasihu. Abin da yake damun irin waɗannan mutane shi ne: Kaisar ne yake riƙe da duniya, ko kuwa Allah? Jinin 'yan'uwanmu ya tafi a banza ke nan? Duk ikilisiyar da ta taɓa binne 'ya'yanta bayan rikici ta san wannan tambaya.

To, me ya sa aka amsa musu da namomin jeji da ƙahoni da fitilu? Irin wannan rubutu ba baƙo ba ne ga wanda ya san Tsohon Alkawari. A Daniyel sura 8 annabin ya ga rago da bunsuru, mala'ika kuma ya fassara masa a aya 20 da 21: ragon sarakunan Mediya da Farisa ne, bunsurun kuwa sarkin Girka. Haka Wahayi 1:20 ya bayyana cewa fitilun nan bakwai ikilisiyoyi ne. Sura 17:9 ta yi zancen tuddai bakwai, kowane yaro a wancan zamani kuwa ya san birnin Roma a kan tuddai bakwai yake. Inda Littafin ya fassara kansa, sai mu bi shi. Inda ya yi shiru, kada mu cika gurbin da labarin da muka ji a kasuwa.

Mu ɗauki lambar nan 666 ta sura 13, wadda ta hana mutane da yawa barci. A Ibrananci da Helenanci kowane harafi yana da lambarsa. In aka rubuta Neron Kaisar da haruffan Ibrananci, aka haɗa lambobin, 666 ake samu. Neron shi ne sarkin da ya karkashe masu bi a Roma bayan gobarar shekara ta 64. Masana da yawa suna ganin shi ake nufi, ya zama misalin kowane mai mulki da yake neman sujadar da ta Allah ce kaɗai. Ku lura kuma, a sura 14:9 alamar tana tafiya tare da yi wa dabbar sujada, kamar yadda mutanen Ɗan Ragon suke da sunansa a goshinsu a farkon surar. Zancen na wa kake ne. A shekara ta 250 Kaisar Desiyus ya umarci kowa ya miƙa hadaya ga gumaka, ya karɓi takardar shaida. Mai bin da ya karɓa ya san abin da ya yi. Saboda haka ba za a sa maka alamar dabba kana barci ba, ko a layin banki, ko wurin yin katin shaida. Uwar da ta hana ɗanta allurar rigakafi don tsoron 666 ba ta tsere wa magabcin Almasihu ba, ta dai bar yaron a hannun ƙyanda.

Masu sa rana kuwa ba yau suka fara ba. A Amurka mabiyan William Miller sun jira ranar 22 ga Oktoba 1844, waɗansu har sun bar amfanin gona bai girbu ba. Harold Camping, mai wa'azi a rediyo kamarmu, ya sa 21 ga Mayu 2011, mutane suka kashe ajiyarsu wajen yin talla. Mafi muni shi ne na Kanungu a ƙasar Uganda, inda ranar 17 ga Maris 2000 ɗaruruwan mutane suka ƙone a cikin majami'a, bayan shugabanninsu sun yi musu alkawarin ƙarshen duniya. Ga Markus 13:32 kuwa, inda Yesu ya ce ko mala'iku ba su san ranar ba, sai Uba kaɗai. Yesu zai dawo, wannan ba mu shakka. Amma duk wanda ya zo ƙauyenku da rana da wata, ya ce ku sayar da awaki ku kawo kuɗin, ku ba shi ruwa ya sha, ku raka shi bakin hanya. Bulus ma ya tsawata wa waɗanda suka daina aiki a Tasalonika. Damina in ta zo, a yi shuka, a kai yara makaranta.

Game da shekara dubu ta sura 20, malamai masu tsoron Allah sun sha bamban tun dā, ba abin da zai raba zumunci ba ne.

Inda muke so ku daɗe shi ne sura 4 da 5. Kafin a nuna wa Yahaya ko dabba ɗaya, an fara nuna masa kursiyi a Sama, da wanda yake zaune a kai. Ya yi kuka domin ba a sami wanda ya isa ya buɗe littafin nan mai hatimi bakwai ba. Aka ce masa ya duba Zakin kabilar Yahuza. Da ya juya, Ɗan Rago ya gani, da alamar yanka a jikinsa, amma a tsaye. A sura 7:9 kuma ga taro wanda ba ya ƙirguwa, daga kowace al'umma da kabila da harshe. Mu da muke sauraron wannan shiri da Hausa, a gida kuwa muna Tarok ko Ngas ko Bura ko Jju, harshenmu yana cikin lissafin nan, ko da masu jinsa ba su wuce ƙauyuka uku ba.

Kafin mako mai zuwa, maigida ko uwargida su tara iyali, a karanta sura 4 da 5 da murya, a fassara wa tsofaffi da harshen gida. Yara su ƙirga sau nawa aka ambaci kursiyi. Za mu ci gaba daga sura 6, da mahaya dawakin nan huɗu. Ubangiji ya kiyaye ku.