Gubar da ba ta tsufa: abin da zafi da ambaliya ke tono wa Imanan

 

Yau maganarmu ta kama hanyar Baleyara, ta wuce Bonkuku, babban garin Imanan, kan hanyar Filinge ta ƙasar Kurfai. Ko wanda bai taɓa taka can ba ya ci amfanin wurin, don dankalin turawan da ake sauke wa kasuwannin Yamai lokacin sanyi, mai yawa daga can yake fitowa. Sirrin wannan noma shi ne Dallol Boso: tsohon kwarin kogi ne, ruwan ƙasa yana kusa, a wurare da dama taku kaɗan za ka haƙa ka tarar da shi. Wannan kusancin arziki ne, amma kuma duk abin da aka zuba a saman ƙasa ba ya wahalar isa ruwan.

Akwai wasu sinadarai da masana ke kira gurɓatattun abubuwa masu daɗewa. Halinsu uku ne. Ba sa ruɓewa da sauri, wasu sai su yi shekaru goma ko fiye a cikin ƙasa. Suna son kitse, don haka suna taruwa a jikin dabba da kifi da mutum, har cikin nonon uwa. Sannan suna tafiya mai nisa a iska. Saboda su aka ƙulla yarjejeniyar Stockholm a 2001, ta fara aiki a 2004, Nijar kuma tana cikinta. An fara da sinadarai 12, cikinsu har da DDT da dieldrin. A 2009 aka ƙara lindane, wanda iyayenmu suka sani da sunan gamalin, a 2011 kuma endosulfan.

Kada ku ɗauka labarin Turai ne. Shekara da shekaru da dieldrin aka riƙa yaƙi da farar dango a Sahel, har zuwa shekarun 1980. Da aka daina, sai aka bar gangunansa a ɗakunan ajiya. A 1991 an tattara sama da lita dubu 50 daga Nijar aka kai Holan aka ƙona. Ganga kam an ɗauke ta, amma abin da ya riga ya tsiyaya cikin ƙasa ba ya shiga mota.

To, ina ruwan sauyin yanayi da wannan? Ku biyo ni.

Na farko, zafi. Idan ƙasa ta yi zafi, waɗannan sinadarai sukan tashi kamar tururi su shiga iska, su sauka inda ya fi sanyi, in wurin ya ɗumama su sake tashi. Masana ma tsallen fara suke kiran wannan tafiya. Da haka ne aka iske su a nonon matan Inuwit na can ƙarshen arewacin Kanada, mutanen da ba su taɓa feshin gona ba. Mu kuma ga bazararmu, zafi ya wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke kwashe saman ƙasa ta watsa ko'ina. Duk ƙaruwar zafi tana ƙara saurin tashinsu.

Na biyu, ruwa. Damina yanzu ba ta da alƙawari: a yi makonni babu ɗigo, sai a wayi gari an zubo na wata guda a dare ɗaya. Mun ga 2020, mun ga 2024 da ambaliya ta shafi mutum sama da miliyan ɗaya a ƙasar nan. Irin wannan ruwa yana wanke saman gona da juji, ya tara komai a gangare. A Imanan gangaren shi ne kwarin, inda rijiyoyin lambu da na sha suke, inda tabkunan shayar da dabbobi suke.

Na uku, fari. Wannan shi ne ba a cika faɗi ba. Saniya ko akuyar da ta tara guba a kitsenta, idan ciyawa ta ƙare ta fara ramewa, kitsen yana narkewa, gubar ta koma jini da madara. Ke nan a shekarar da iyali suka fi dogara ga ɗan nonon da ya rage, a shekarar ne nonon zai fi ɗaukar abin da jikin dabbar ya ɓoye. Ƙasar Filinge ta san fari: ta ga na 1973 da 1984, ta ga fara a 2004 da yunwar da ta biyo baya a 2005.

Na huɗu, ƙwari. Zafi yana sa su hayayyafa da sauri, manomi kuma ba zai zuba ido dankalinsa ya lalace ba. Zai je kasuwa ya sayi abin da kuɗinsa ya kai. Kwamitin magungunan ƙwari na ƙungiyar CILSS ne ke tantance maganin da ya halatta a Sahel, amma RECA, wato haɗakar majalisun manoma ta Nijar, ta sha nuna cewa da yawa daga abin da ake sayarwa a kasuwanninmu ba ya cikin jerin. Laifin ba na manomi ba ne, shi ne ma farkon wanda ke shaƙar feshin.

Mu na birni ma muna da namu kason. Duk jujin da aka cinna wa wuta da leda da roba da tsoffin wayoyin lantarki, duk kan rago da aka babbake da taya, hayaƙin na iya ɗauke da dioxin, wanda shi ma yana cikin 12 ɗin farko. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Me za mu yi? Mu nemi hukumomin kare tsirrai da na lafiya su riƙa auna ruwan rijiyoyin Dallol, musamman bayan ambaliya, su buga sakamakon kowa ya gani. Mu nemi a binciki wuraren da aka taɓa ajiye maganin fara, a kewaye su. Wanda ke da ɗan uwa mai lambu ya taya shi karanta takardar jikin kwalba kafin ya saya. Bidon magani kada ya koma na ruwa ko na mai, ko an wanke shi sau goma. A unguwanninmu kuma mu daina ƙona leda, mu tambayi mahauci da me ya yi babbaka.

Ruwan da ke ƙarƙashin Bonkuku in ya gurɓace, tsabtace shi aiki ne mai tsada da ɗaukar shekaru. Kare shi tun yanzu ya fi sauƙi.

 Mai tambaya, bismillah.