Kayan Mamaci Amana Ne

Jawabi ga dattawa da membobin ikkilisiyoyinmu na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar

 

Batun da aka ba mu yau ba shi da daɗin ji, amma babu gidan da zai tsallake. Za mu yi magana a kan kayan da mamaci ya bari a gida: yadda za a tsare su, da yadda za a yi musu kuɗi, tun daga ranar rasuwa har ranar da hukuma ta ba da izinin raba gado. Gona da fili suna nan inda suke ko bayan shekara goma. Amma babur, keken ɗinki, injin markaɗe, janareta, firji, waya, buhunan hatsi da awaki, mutum ɗaya yana iya kwashe su cikin dare ɗaya. A nan ne marayunmu suka fi yin asara.

Halin da muke ciki

Da yawa daga cikinmu aiki ne ko kasuwanci ya kawo mu wannan yanki: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, jami'an kan iyaka, masu shaguna, masu sayen riɗi da zoɓo, da masu harka a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis da yankin ciniki marar haraji na bakin iyaka. Yawancinmu a gidan haya muke. In an yi rasuwa, sai a ɗauki gawa zuwa Kudancin Kaduna, ko Filato, ko Binuwai, ko ƙasar Ibo. Gwauruwa da yara su bi gawa, ɗaki ya yi makonni ba kowa. 'Yan'uwanmu da aka haifa a nan kuwa, tasu damuwar dabam ce: dangi suna kusa, kowa yana shiga yana fita, ba a san wanda ya ɗauki me ba.

Mun sha ganin yadda abin yake ƙarewa. Ƙanin miji ya zo da mota ya ce zai adana kaya. Mai gida ya riƙe firji saboda kuɗin haya. Wani ya ce injin nan aro ya bayar. Babu wanda ya rubuta kome. Gwauruwa ta dawo daga makoki ta tarar da tabarma da tukwane. Sau da yawa waɗanda suka yi haka ba ɓarayi ba ne; sun ga ƙofa a buɗe ne, ba kuma wanda zai tambaye su.

Abin da doka ta tanada

In mutum ya bar wasiyya, waɗanda ya naɗa a ciki za su kai ta sashen gado na Babbar Kotun Jiha domin a tabbatar da ita. In bai bari ba, iyali su nemi takardar izinin kula da gado daga wannan sashe. Akan nemi takardar shaidar mutuwa, da jerin dukiyar mamaci tare da kuɗin kowane abu, da masu tsaya wa mai nema, a kuma yi sanarwa domin mai ƙorafi ya fito. Kotu tana karɓar wani kaso daga darajar dukiyar. Wannan aiki yakan ɗauki watanni. Kafin takardar ta fito, wanda yake riƙe da makulli mai ajiya ne kawai. Wanda ya sa hannu ya sayar ko ya raba ba tare da izini ba, doka tana iya kama shi da biyan abin da ya salwanta.

Abu biyu kuma mu gane. Sunan da mutum ya rubuta a banki ko a wurin aiki a matsayin makusancinsa ba ya mai da wannan mutum magaji. Sa'an nan irin auren da aka yi yana da tasiri a kan dokar da za a bi wajen rabo. Auren da aka ɗaura da takardar magatakardan aure a majami'ar da gwamnati ta ba lasisi, dabam yake da auren gargajiya da aka kawo majami'a aka sa masa albarka. Kowane magidanci ya koma gida ya duba wace takarda ce a akwatinsa.

Ga 'yan'uwanmu da al'adarsu ta saba hana mata gado, Kotun Ƙoli ta riga ta yanke magana. A shari'ar Ukeje, a watan Afrilun 2014, ta ce al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulkin 1999. A shari'ar Anekwe da Nweke, a wannan shekara, ta yi tir da al'adar Awka da aka so a kori gwauruwa daga gidan mijinta da ita don ba ta haifi namiji ba. Ku lura da wani abu a shari'ar Ukeje: mahaifin ya rasu a Legas a Disambar 1981, hukuncin ƙarshe ya zo bayan shekara 32. Cikin hujjojin da suka tsai da 'yar akwai takardar haihuwarta da hotuna. Ashe takardar da ke ƙasan akwati tana iya fin talabijin daraja.

Matakai shida

Na farko, a rufe. Kafin gawa ta tashi, a sa sabon kwaɗo. Gwauruwa ko babban ɗa ya riƙe makulli, dattijo ɗaya ya riƙe na biyu. A je wurin mai gida a gaya masa, a rubuta kuɗin hayar da ake binsa, in akwai, da ranar da haya za ta ƙare. In gwauruwa da yara suna zaune a gidan, su ci gaba da amfani da kayansu. Tsare kaya bai zama dalilin raba marayu da katifarsu ba.

Na biyu, a rubuta. Mutum uku su shiga ɗaki tare: ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, ɗaya daga ikkilisiya. In mace ce ta rasu, ko akwai akwatin mata, a haɗa da uwa daga zumuntar mata. A bi ɗaki ɗaki, a rubuta kowane abu da halin da yake ciki, da lambar inji ta babur da janareta. A ɗauki hoto da waya. Kowa ya sa hannu da kwanan wata, a yi kwafi uku. Rabin rana ya isa wannan aiki.

Na uku, a ware abin da ba na mamaci ba. A ƙasar Hausa kowa ya san kayan ɗakin da amarya ta zo da su daga gidan iyayenta nata ne. Haka keken ɗinkin da ta saya da kuɗin sana'arta, da akuyar da aka ba yaro. Haka kayan da ɗan kasuwa ya karɓo bashi, da ajiyar mutane, da kayan wurin aiki, da kayan majami'a da suke hannunsa. A rubuta su a shafi dabam. A wani shafin kuma a rubuta abin da yake nasa amma ba ya gida: shanun da ya ba makiyayi, adashin da bai kwasa ba, bashin da yake bi. A nan bakin iyaka wasu daga cikin waɗannan suna Nijar, wasu ma da sefa aka ƙulla su. Mun ga an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Abin da ba a rubuta sunan mai riƙe da shi da garinsu ba, da wuya a sake ganinsa.

Na huɗu, a yi kuɗi bisa gaskiya. Kuɗin abu shi ne abin da zai fito da shi a kasuwa, yadda yake, a lokacin rasuwa. Ba a duba nawa aka saye shi, ba a kuma duba irin son da marigayi yake yi masa. Dabba, a kira dillalai biyu daga kara, kowa ya faɗi nasa ba tare da ya ji na ɗan'uwansa ba. Babur da inji, a kira makaniki. Zinariya, a auna ta a gaban shaidu. Hatsi, a ƙirga buhu a bi farashin ranar kasuwa. A rubuta ranar da aka yi kuɗin, gama tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 mun ga yadda farashi yake tashi cikin 'yan watanni, kuma kuɗin gero da kaka ba ɗaya yake da na tsakiyar damina ba. Kada a rage kuɗi don a rage abin da za a biya kotu, domin da rantsuwa ake miƙa wannan jeri, kuma ƙaramin kuɗin nan shi wani zai kafa hujja da shi ya karɓe kayan marayu da araha. Ƙa'idarmu ita ce: wanda ya yi wa abu kuɗi ba zai saya ba, mai riƙe da makulli ma ba zai saya ba.

Na biyar, a kula da abin da yake lalacewa. Wake yana yin ƙwari, gara tana cin katako da takardu, batir yana mutuwa, dabba tana bukatar abinci kullum. A ɗaga buhuna daga ƙasa, a duba rufi kafin ruwa ya sauka. In dole ne a sayar da wani abu don kada ya lalace, ko don abincin yara, magada su yarda a rubuce, a sayar a gaban shaidu, a rubuta nawa aka samu da inda kuɗin ya tafi. In abin mai tsada ne, a fara neman shawarar lauya ko ta sashen gado.

Na shida, a tattara takardu wuri ɗaya: takardar aure, takardun haihuwa, na fili, na babur, na fansho, rasit da littafin bashi na shago. Waya da layinta su shiga wannan ajiya, domin yau kuɗin mutane da yawa a waya suke. Kada kowa ya ɗauki katin mamaci ya je cirar kuɗi, ko da da kyakkyawar niyya ne. A sanar da banki.

Aikin dattawa

Mu dattawa shaidu ne, ba alƙalai ba. Rabo aikin doka ne da na magada. Namu shi ne mu tabbatar abin da mamaci ya bari yana nan cif ranar da za a raba. Maƙwabtanmu Musulmi suna da tsari a kan wannan: su lissafa kaya, su yi musu kuɗi, su fitar da hidimar jana'iza da bashi da wasiyya, sa'an nan su raba. Inda iyali ya haɗa Kirista da Musulmi, kamar yadda yake a gidajen 'yan'uwanmu da yawa na nan, a kira dattawan kowane ɓangare da mai unguwa su shaida jerin kayan tun ranar farko. Wannan yana kashe zargi, yana kuma kiyaye zumunci.

A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana manta da wasu gwauraye wajen rabon abinci, mutum bakwai amintattu aka zaɓa aka danƙa musu aikin. Muna roƙon kowace ikkilisiya, kome ƙanƙantarta, ta zaɓi mutum uku, da mace a ciki, ta saya musu littafi ɗaya da kwaɗo biyu. Fasto kada ya ajiye kayan mamaci a gidansa shi kaɗai, don kare sunansa da na ikkilisiya.

A ƙarshe, 'yan'uwa, mu sauƙaƙa wa waɗanda za mu bari. Rubuta wasiyya ba ya kiran mutuwa. A rubuta, a sa hannu a gaban shaidu biyu a lokaci guda, shaidun kuma kada su zama cikin masu cin gadon. Wanda bai kai ga wannan ba tukuna, ya zauna da matarsa a wannan mako su rubuta abin da yake nasa, da nata, da na mutane, da wanda suke bi, da wanda yake binsu.

 Ubangiji ya ta'azantar da gwaurayenmu da marayunmu, ya same mu da aminci a kan abin da aka ba mu ajiya. Amin.