BAREWA BA TA GUDU ƊANTA YA YI RARRAFE

Maganarmu ta yau da ku iyaye ce, maza da mata, a kan 'ya'yanku da suka fara tasawa, watau samari da 'yammata daga shekara 11 zuwa 17. A cikin waɗannan shekaru yaro ke miƙewa, ƙashinsa ya yi ƙwari, kuma halin da ya kama a lokacin, yawanci da shi zai tsufa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana binciken da aka yi a kan 'yan makaranta na ƙasashe 146. An sami cewa cikin kowane yara 100 masu waɗannan shekaru, 81 ba su motsa jiki yadda ya kamata. A wajen 'yammata abin ya kai 85, a wajen samari 78. To, mene ne yadda ya kamata? Hukumar ta ce minti 60 kowace rana, watau sa'a guda, na aiki ko wasan da zai sa numfashi ya ƙaru, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Kuma aƙalla sau 3 a mako a yi mai ƙarfi, irin su gudu da tsalle, don ƙashi da tsoka.

Wani zai ce, ai mu mutanen karkara ne, yaranmu ba su rasa aiki ba. Gaskiya ne. Noma, da kiwo, da daka, da ɗebo ruwa, da tafiya makaranta a ƙasa, duk motsa jiki ne. Amma ku duba da rani, bayan an kau da amfanin gona. Yaro nawa ke wuni a gindin bishiya ya duƙufa kan waya, aike ko na nan da kasuwa sai a kan babur? Irin wannan zama, in ya zama jiki, shi ke share hanya ga hawan jini da ciwon sukari bayan an girma.

Abu uku ke hannunku.

Na fari, abin da yaro ya ga kuna yi. Uban da ba ya taka ƙafa zuwa gona, yaya zai ce wa ɗansa raggo? Kai maigida, ka tafi da shi, ku jera, kuna tafe kuna hira. In ana kokawa ko ƙwallo a dandali, ka je ka tsaya ko da sau ɗaya. Yaron da ya ɗaga kai ya hango ubansa cikin 'yan kallo ba ya manta ranar.

Na biyu, bakinku. Magana zarar bunu ce. Yaro mai tasowa yana jin kunyar jikinsa: murya ta canza, ƙuraje sun fito, wannan ya yi ƙiba, wancan ya tsaya siriri. In kuka ce masa "ƙaton banza", ko kuka riƙa cewa "dubi ƙanenka ya fi ka", sai ya janye daga cikin tsaransa. In ya janye, ƙarfinsa ya ragu. Ran da ya gwada kuma aka ka da shi, sai ya ce ashe gaskiyar baba ce, ya daina gaba ɗaya. Ku yabi ƙoƙarinsa ko bai ci ba. Ku ce, "Madalla, yau ka fi jiya." Kada kuma ku tilasta masa wasan da ba ya so. Wanda ba ya son kokawa, watakila gwanin langa ne ko keke.

Na uku, ba da dama. A nan 'yammata suka fi cutuwa. Da yarinya ta fara girma sai a ce gaɗa ta ƙare, ta zauna wuri ɗaya. Ke uwa, ƙashin da za ta ɗauki ciki da goyo da shi, yanzu ne ya ke ginuwa. Ki bar ta ta yi gaɗa da tsallen igiya da ƙawayenta a tsakar gida, cikin suturarta da mutuncinta. Jinin al'ada ba ya hana motsa jiki, sau da yawa ma yakan rage ciwon mara. In kuwa kin ga tana saurin gajiya, cikin idonta da tafin hannunta sun yi fari, ki kawo ta ɗakin magani a duba, ko ƙarancin jini ne.

Sai gargaɗi. A yi wasa da safe ko bayan la'asar, ban da tsakar rana, a kuma sha ruwa mai tsabta. A hana yara iyo a kududdufi da ruwan da ba ya gudu sosai, gama can a ke kamuwa da tsargiya, mai sa fitsarin jini. Mai sikila da mai asma ba a hana su wasa, amma ku fara shawartar malamin ɗakin magani, su kuma huta da zarar sun gaji. Yaron da ya suma yana cikin gudu, ko ya ce ƙirjinsa na ciwo, a kai shi asibiti ran nan, kada a ce sai gobe.

Jama'a, wannan magani ba a sayensa ko da kwabo. Yau in an yi la'asar, ka kira ɗanka ku zaga gona tare. Ke kuma ki bar 'yarki ta yi wasanta in ta gama aikin gida. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Allah shi raya mana zuriya, shi ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.