TSAKANIN ALLI, FARTANYA DA ALƘALAMI: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Shekara-Shekara Na Tsofaffin Ɗalibai

 

Mai girma shugaban wannan taro, shugaban ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai, iyayenmu malamai waɗanda suka ajiye aiki da waɗanda har yanzu suke riƙe da alli, 'yan'uwana abokan karatu maza da mata, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro gida lafiya.

Kwamitin shirya wannan taro ya nemi in yi magana a kan yadda mutum zai haɗa rubutun littafi da sauran hidimomin yau da kullum. Sun ɗora mini wannan nauyi ne don sun san shekara 6 ke nan ina fama da wani ƙagaggen labari, alhali kuwa ina koyarwa a makarantar firamare a Guri, ina noma, ga kuma iyali. Littafin bai fito ba tukuna. Saboda haka wanda ke tsaye a gabanku mai neman zama marubuci ne, kuma abin da zan faɗa muku labarin mai tafiya ne da bai kai masauki ba.

Zan fara da magabata, domin a wurinsu nake samun ƙarfin gwiwa. A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Gandoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Dukkan su ukun malaman makaranta ne a lokacin: Imam da Bello Kagara suna koyarwa a Katsina, Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Bauchi. Wato dai ƙagaggen labarin Hausa na boko a hannun masu aikin albashi aka haife shi, mutanen da suke duba littattafan yara da rana su zauna rubutu da dare. Akwai kuma wani abin lura. Da aka so Imam ya rubuta Magana Jari Ce, sai da aka ɗauke shi daga aji aka kai shi Zariya na wata 6 a shekarar 1936. Ashe ko shi, da baiwar da Allah ya yi masa, babban aiki sai da aka sauke masa wani nauyin sannan ya yiwu.

Haka abin yake a wajen iyayenmu mata. So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980 bayan gasar kamfanin NNPC na Zariya. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu kuwa tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta koma karatun manya, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, ta biyo da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, wanda aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a ƙasar Indiya a 2012. Idan mai girki da reno ta yi wannan, ni da ake kawo wa abinci har inda nake zaune ba ni da bakin kuka da rashin lokaci.

To, yaya ranata take? Nakan yi rubutu daga idar da sallar asuba zuwa ƙarfe bakwai saura kwata. Wannan ɗan lokaci shi kaɗai ne nawa, domin yara ba su tashi ba, baƙo bai yi sallama ba, kai kuma bai cika da lissafin cefane ba. Ina rubutawa da biro a littafin rubutu irin na 'yan makaranta, kuma abin da na ɗora wa kaina shi ne shafi 2 kowace safiya, daga Litinin zuwa Juma'a. Daga nan sai makaranta har azahar. Bayan la'asar sai gona, ko gaisuwar rasuwa, ko duba maras lafiya. Da dare nakan shirya darasin gobe in duba aikin yara, idan da sauran caji a waya sai in kwafe abin da na rubuta da safe in shigar da shi ciki. Asabar da Lahadi na ɗaurin aure ne da suna da zumunci, kuma ba na taɓa su, domin a garuruwa irin namu wanda ya daina zuwa sabgar mutane, ranar tasa shi kaɗai zai zauna a kan tabarma.

Shekara ma haka take a rabe. Da zarar damina ta sauka, alƙalami sai ya ja da baya, don shinkafar fadama ba ta jiran kowa: ga shuka, ga noma, ga gyaran kunya. Idan ta fara nuna kuma sai gadin tsuntsu, domin jan-baki kan iya cinye wahalar shekara cikin 'yan kwanaki. Wata uku zuwa huɗu kan wuce ban ƙara ko babi ɗaya ba. Lokacin sanyi, bayan an kai amfani gida, shi ne kakar rubutuna, ko da yake shi ma noman rani yana cin rabonsa, tunda alkama da tattasai suna son ban-ruwa a kan kari. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Gaskiya ne, amma ana iya tauna ɗaya a ajiye ɗaya a aljihu har lokacinta ya yi. Wanda ya yi shafi 10 a mako, ko da mako 30 kawai ya samu a shekara, ya tashi da shafi 300. Abin da ya sa nawa ya kai shekara 6 shi ne rubutun farko ɗanyen tubali ne. Sau uku ke nan ina rushe labarin ina sake ginawa.

Wani zai ce, me ke cikin littafin nan da ya cancanci wannan wahala? Amsar ita ce kogin nan namu. Duk wanda ya tashi a Guri, ko Kadira, ko Abunabo, ko Musari, ko Margadu, ya ji iyayensa suna ba da labarin yadda ruwa yake zuwa a da. Da damina kogin Haɗejiya ya cika ya malala cikin fadamu, kifi ya biyo shi ya hayayyafa, manomi ya shuka shinkafa. Da ruwa ya fara janyewa a bi danshi a shuka wake, masunta su shiga da goruna da koma, daga baya Fulani su sauko da shanu su ci ciyawa da ƙarmami. Fili ɗaya yana ciyar da mutum uku a shekara, kowa da lokacinsa.

An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, shekara guda bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa. Waɗannan madatsu sun kawo amfani ga birnin Kano da masu noman rani, amma sun sauya halin kogin. Babbar cikowar damina ta ragu, sannan ruwan da ake saki da rani ya sa hanyoyin da a da suke bushewa suka zama ba sa rabuwa da ruwa. Irin wannan wuri kuwa shi kacala take so. Ta tsiro ta yi duhu, ta tare laka, ta toshe hanyoyin ruwa. Sakamakon haka wani gari ruwa ya kwanta masa a gona shekara da shekaru, wani garin kuma a ƙasa ruwan ya daina isa gare shi. Cikin kacalar nan jan-baki yake kwana, sauro yake hayayyafa. Da fili ya ƙuntata, sai manomi da makiyayi da masunci, waɗanda a da suke karɓa-karɓa, suka fara haɗuwa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya.

Masana daga jami'o'i sun yi rubuce-rubuce da yawa a kan wannan, galibi da Turanci. Abin da rahoto ba ya ɗauka shi ne yadda abin yake a cikin gida: dattijon masunci da ya wayi gari ba shi da abin da zai gadar wa ɗansa sai jirgin da ba shi da hanyar bi, da ɗan da ya tattara ya tafi ci-rani, da amaryar da aka bari tana jira. Labarina ke nan, gida ɗaya, zuriya uku. Yawancin littattafan da muka karanta tun daga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, rayuwar birni suke nunawa, kuma marubutansu sun kyauta, don abin da suka sani suka rubuta. Mu ma sai mu rubuta abin da muka sani.

A nan ne gaggawa ta shigo. Dattawan da suka san kogin kafin 1974 da wayonsu, yau ƙaraminsu ya haura shekara 60. Su suka san sunan kowace tafki da kowane mashigi, da Hausa da Badanci da Manganci, su suka san a wane wata tarwaɗa take hawa, da yadda sarkin ruwa yake buɗe su. Cikin dattawa biyar da na riƙa zama da su ina tambaya, biyu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Duk ranar da na ji nauyin tashi da asuba, su nake tunawa.

Ba zan ɓoye muku tsadar abin ba. Na farko, iyali ne suke biya. Maiɗakina ita take hana yara shigowa har in rufe littafi, ita ce kuma ta fara jin kowane babi, kuma ba ta sakaya magana. Idan ta ce, "Malam, mace ba ta magana haka a gaban surukarta," to sai in soke. Na biyu, maganar mutane. Akwai mai ganin babban mutum da iyali bai kamata ya zauna ƙaga labari ba. Ga irin waɗannan nakan tuna musu cewa wanda ya rubuta Shaihu Umar shi ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Na uku, ruwan da nake rubutu a kansa bai bar ni ba. A ambaliyar 2022, wadda ta yi ɓarna a ƙasar Haɗejiya baki ɗaya, ruwa ya shiga ɗakina ya jiƙa littattafai biyu daga cikin bakwai, tawada ta narke. Abin da na riga na shigar a waya ya tsira, sauran kuwa sai da na sake su daga ka, a daidai lokacin da muke neman abin da za mu ci bayan shinkafa ta nutse.

Sai maganar bugawa. A shekarun 1990 marubuci yakan tara kuɗinsa ya kai maɗaba'a a Kano, ya raba labarin kashi biyu ko uku, ya ba 'yan kasuwa, cinikin na ɗaya ya buga na biyu. Wannan kasuwa ta ja baya ƙwarai. Takarda ta yi tsada, masu karatu kuma sun koma waya, inda ake sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ko a karanta shi a YouTube. Akwai kuma gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata, wadda nake kira ga 'yan'uwanmu mata da 'ya'yanmu su gwada. Wannan sabuwar hanya ta sauƙaƙa wa na ƙauye, don ba sai ya je Kano ba. Illarta ita ce masu karatu suna son sabon shafi kullum, malamin makaranta mai gona kuwa ba zai iya wannan tsere ba. Ni dai na zaɓi in gama, in gyara, sannan in fitar, kuma burina a buga shi a takarda ko da kwafi kaɗan ne, don ya shiga ɗakin karatun makaranta.

Daga ƙarshe ina da roƙo guda uku.

Na farko ga iyayenmu malamai, musamman malaman Hausa. Ku kuka sa mu karanta Ruwan Bagaja a aji, ku kuka koya mana inda ake raba kalma da inda ake haɗa ta. Ina roƙon biyu daga cikinku su karɓi wannan rubutu su bi shi da jan biro kamar yadda kuka saba, ba sani ba sabo.

Na biyu ga abokan karatu. Kowannenmu yana da tsoho ko tsohuwa a gida. Wayar da ke aljihunka tana ɗaukar murya. Ka zauna da su ko na rabin awa, ka tambaye su yadda garinku yake kafin kacala, da yadda ake fita da gyaɗa a jirgin ƙasa ta Malam Madori da Birniwa, da abin da suka ji daga iyayensu game da yaƙin Haɗejiya da Turawa a 1906. Ko ba ka da niyyar rubutu, ka adana, wani zai zo ya rubuta.

Na uku ga shugabannin ƙungiya. Cikin kuɗin da muke tarawa don gyaran azuzuwa, a ware wani abu a sayi littattafan Hausa a zuba a ɗakin karatun makarantarmu, a kuma sa 'yar gasar rubuta gajeren labari tsakanin ɗalibai kowace shekara, ko da kyautar ba ta wuce littattafai da biro ba. Gasa ce ta fito da Abubakar Imam yana ɗan shekara 22. Idan ƙungiya ta amince, ni na ɗauki nauyin duba rubutun yaran a hutun ƙarshen zango.

Ni kuma na yi muku alkawari, idan Allah ya ba da rai da lafiya, ya kuma ba mu damina mai albarka, zan ci gaba da shafi biyun nan na kowace safiya har in kai ƙarshe. Da yayyafi kogi kan cika.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu daga cikinsu da cikin abokan karatunmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.