Kwamfuta Ɗaya, Shaguna Ɗari: Yadda Saƙo Ke Gane Hanya

Yau zan yi magana ne kan abin da ke bayan kalmar nan da mai POS ke faɗa maka a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari: "Babu netwok." Sau da yawa injinan lafiyarsu ƙalau, saƙon ne ya rasa hanya.

Akwai wata uwar kwamfuta da ake kira menfirem, irin wadda manyan bankunan duniya ke aiki da ita. Tun 1972 kamfanin IBM ya fito da VM/370, tsarin da ke yanka inji ɗaya ya zama kwamfutoci da yawa, kowacce tana ganin kamar ita kaɗai ce. Jikansa shi ne z/VM na yau, kuma ana ɗora Linux ɗaruruwa a kansa.

Ku ɗauke shi kamar filaza ɗaya a Kwari. Ginin shi ne injin, shagunan su ne ƙananan kwamfutocin. Layin da ke tsakanin shaguna shi ne VSWITCH, wato mahaɗar da babu waya ko ɗaya a cikinta, duk manhaja ce. Ƙofar da ke fita titi kuwa kati ne mai suna OSA.

To mai saitawa, abu uku ne a gabansa. Na farko, kowane shago ya samu lambarsa, wato adireshin IP, ya kuma san su waye 'yan layinsu. Na biyu, a nuna masa ƙofar fita: duk saƙon da ba na 'yan layi ba, rawuta za a miƙa wa. Na uku, wanda aka fi mantawa, hanyar dawowa. Ka aiki ɗan dako daga Fagge zuwa Sabon Gari, ya kai kaya, amma wanda ya karɓa bai san inda zai aiko da amsa ba. Haka yake a nan: idan rawutar waje ba ta san cewa layin nan yana cikin injin ba, saƙo zai fita, amsa ta ɓata, kai kuma kana tsaye kana jiran alat.

Shi ya sa ƙwararru ke sa katin OSA biyu, in ɗaya ya mutu ɗayan ya karɓa. Suna kuma amfani da OSPF, inda rawutoci ke sanar da juna hanyoyi da kansu.

Kun tuna 14 ga Maris 2024? Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, har da MainOne da WACS, suka lalace, ayyukan wasu bankuna a Najeriya suka tsaya cak. Sai da aka karkatar da saƙonni ta wasu wayoyin abubuwa suka fara dawowa. Darasin ɗaya ne, a teku ko a cikin inji.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ba sai kana da menfirem za ka koya ba. Sa VirtualBox a laftof ɗinka, kyauta ne, ka buɗe Linux biyu a layi daban-daban, na uku ya zama rawuta. Rubuta ip route ka ga teburin hanyoyi, ka gwada ping, sannan ka goge hanyar dawowa ka ga abin da zai faru.

Wanda ya gwada ya faɗa mana inda ya maƙale. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.