ERIYA CE KUNNEN REDIYO

Wannan jawabi ne da aka karanta wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci na manya a birnin Sakkwato. An buga shi a nan domin mutanen karkara su ma su amfana.

 

Rediyo abokin zaman talaka ne. Manomi yana rataya shi a reshe yana noma. Makiyayi yana saɓa shi a kafaɗa. Uwargida tana ajiye shi a gefe tana girki. Ta rediyo ake jin sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi cewa an ga wata. Ta nan ake jin ranar rigakafin yara da na dabbobi, da labarin takin zamani. Mazauna bakin Gulbin Rima ba su manta da ambaliyar shekarar 2010 ba, wadda ta ci gonaki da gidaje a yankin Goronyo da wasu wurare. A irin wannan lokaci, sanarwa guda tana iya ceton iyali da dukiyarsu. Don haka rediyon da ba ya kama tasha ba ƙaramar asara ba ce.

Hausawa sun daɗe da sabawa da rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957. Gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, na Jamus ya fara Hausa a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. A nan gida ga Rima Rediyo. Amma duk daɗin shiri, sai eriya ta kamo shi kafin a ji.

Labarin wani manomi

Wani manomi daga wajen Kware ya kawo rediyonsa Babbar Kasuwar Sakkwato. Ya ce wa mai gyara rediyon ya mutu, ba ya komai sai shuuu. Wata biyu ke nan sai ya je gidan maƙwabci yake jin labarai. Har ya yanke shawarar sayar da tunkiya ya sayi sabo. Mai gyara ya karɓa ya juya bayansa. Ya ga sukurun da ke riƙe gindin eriya ya kwance, tsatsa ta kama shi. Ya kankare tsatsar, ya ɗaure sukurun. Nan take murya ta fito tangaran. Tunkiya ta tsira.

Irin wannan yana da yawa. Sau da dama rediyo lafiyarsa lau. Mahaɗar eriya ce kawai ta saki.

Yadda eriya take aiki

Gidan rediyo yana aiko da magana ta iska. Ido ba ya ganin saƙon, kunne ma ba ya jin sa kai tsaye. Eriya ce take kamo shi ta miƙa wa na'urar da ke ciki, ita kuma ta mai da shi murya. A shekarar 1901 wani Bature ɗan ƙasar Italiya mai suna Markoni ya karɓi saƙon da aka aiko daga Ingila, shi kuwa yana ƙetaren teku, a wani tsibiri da ke cikin ƙasar Kanada a yau. Doguwar waya ya sa iska ta ɗaga masa sama, da ita ya kamo saƙon. Tun daga lokacin, waya ce kunnen rediyo.

Saƙon da eriya take kamowa ba shi da ƙarfi ko kaɗan. 'Yar tsatsa ko ƙura a mahaɗa ta isa ta tare shi. Kamar lambatun fadama ne. In ya toshe a wuri guda, ruwa ba zai kai ga albasa ba, ko da rijiya a cike take.

Yawancin rediyon hannu eriya biyu gare shi. Ta farko ita ce sandar ƙarfe da ake zarowa. Ita ce mai kamo gajeren zango, inda aka rubuta SW, da kuma FM. Ta biyu tana ɓoye a ciki. Wata baƙar sanda ce da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. Ita ce mai kamo matsakaicin zango, inda aka rubuta MW ko AM. Shi ya sa a kan MW zaro eriyar waje ba ya ƙara komai. Juya rediyon gaba ɗaya ake yi har murya ta fito sosai.

A bincika kafin a kwance

Kada a yi gaggawar ɗaukar sukundireba. A fara da waɗannan abubuwa biyar.

Na ɗaya, a duba batir. Batir mai rauni yana sa tasha ta riƙa ɓacewa, a zaci eriya ce. A sa sabo a gani. In tsohon ya zubar da ruwa ya bar farin gari a mazauninsa, a kankare.

Na biyu, a gwada da rediyon maƙwabci, a wuri ɗaya, a tasha ɗaya. In shi ma bai kama ba, laifin ba na rediyon ba ne. Wataƙila tashar ce ba ta aiki a lokacin.

Na uku, a fita waje. Rufin kwano yana rage ƙarfin saƙo. Cajar waya, da janareto, da wasu ƙwayayen lantarki, da na'urar sola mai juya wuta, duk suna jawo ƙara. A kashe su ko a yi nesa da su.

Na huɗu, a gwada zango zango. In MW yana kamawa, amma SW da FM sun yi rauni ƙwarai, to, a zargi eriyar waje.

Na biyar, a kamo tasha mai rauni a SW ko FM, a zaro eriyar, a mai da ita, a taɓa ta da yatsa. In mahaɗa tana da kyau, murya za ta canza. In babu abin da ya canza, alama ce haɗin ya yanke. In kuwa ana girgiza gindinta ana jin ƙarar-ƙarar, tasha tana zuwa tana tafiya, sukuru ne ya saki.

Yadda ake gyara

Da farko a cire batir. In rediyon mai amfani da wutar lantarki ne, a zare shi daga bango. A shimfiɗa tabarma a wuri mai haske. A tanadi 'yar tasa ta zuba sukurori don kada su ɓace.

A duba gwiwar eriya, wato inda take lanƙwasawa. Akwai ƙaramin sukuru a wurin. In eriya tana faɗuwa da kanta, shi za a ɗaure. Akwai wani kuma, galibi a bayan rediyo, mai riƙe gindinta. A kwance shi, a goge gindin da samfefa ko a kankare da reza har ƙarfe ya yi haske. A share ƙurar hunturu da busasshen burushi. Kada a sa ruwa, ko kananzir, ko man gyaɗa. A mayar a ɗaure daidai. In an matsa fiye da kima, robar za ta fashe.

In bai gyaru ba, a buɗe murfin baya a hankali. Kada a fizge shi, domin a wasu rediyoyin akwai siririyar waya da ta taso daga gindin eriya zuwa allon na'ura. A wasu kuma ɗan falle ne na ƙarfe yake taɓa gindin. In fallen ya kauce, a tura shi ya koma ya taɓa. In wayar ce ta tsinke, sai an like ta da dalma. Wannan aikin mai gyara ne. Ɗauri da zare ko roba ba ya daɗewa.

A kula da wannan. A kan allon akwai wasu 'yan gwangwanaye masu kai kamar na sukuru, wasu da launi. Ba sakin su aka yi ba. Tun daga kamfani aka daidaita su. Wanda ya murɗa su ya ɓata saitin rediyo. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Idan eriya ta karye

Ana sayar da sabuwa a wurin masu kayan rediyo. A tafi da tsohuwar don a samo mai irin gindinta. Kafin a samu, wayar jan ƙarfe tana iya tsayawa a madadinta. A feƙe bakinta, a ɗaura a guntun da ya rage. Ga FM, santimita 75 ta isa, wato kamu ɗaya da rabi ke nan. Ga gajeren zango, waya mai tsawon mita 5 tana taimakawa ƙwarai. In ta yi tsawo da yawa, tashoshi za su riƙa hawa kan juna.

Gajeren zango kuma yana da halinsa. Da rana mita 16 da 19 sun fi kamawa. Da dare mita 31 da 41 da 49 sun fi. Wannan daga sararin sama ne, ba laifin eriya ba ne.

Gargaɗi

Kada a ɗaura wayar eriya a turken lantarki. Kada ta bi ta sama ko ta ƙarƙashin wayar wuta. Kada a cusa ta a cikin soket. Da damina, da zarar hadari ya haɗu, a cire wayar waje daga jikin rediyo, a yar da bakinta a waje, saboda aradu. Rai ya fi labarai.

Wayar salula da oba-oba

Da yawa daga wayoyin salula masu FM ba sa kama tasha sai an sa wayar kunne. Igiyar nan ita ce eriyarsu. In ta tsinke a ciki, ko ramin ya cika da ƙura, tasha ba za ta fito ba.

Oba-oba kuwa, wanda ma'aikatan tsaro suke riƙewa, eriyar roba gare shi, murɗa ta ake yi. Haka ma wani irin rediyon hannu mai bin tashoshi da kansa, ya tsaya inda ya ji magana. A tsakiyar mahaɗarsu akwai wani ɗan tsinke da yake shiga rami. In ya lanƙwashe ko ya nutse, saƙo ba zai wuce ba. Mahaɗun iri-iri ne, kada a murɗa wadda ba tasa ba da ƙarfi. Kada kuma a danna maɓallin magana na oba-oba babu eriya a kansa, domin yana iya ƙona na'urar ciki. Amfani da shi yana buƙatar izinin hukuma.

Rigakafi ya fi magani

Kada a ɗauki rediyo ta eriyarsa. In za a mai da ita, a fara turawa daga gindi, gaɓa gaɓa. Dannawa daga sama shi ke lanƙwasa ta. A ɗinka wa rediyo riga saboda ƙura. A ɗaga shi inda hannun yara ba ya kaiwa. In za a ajiye shi da daɗewa, a cire batir.

Wanda ya gwada duk waɗannan bai dace ba, sai ya kai wa mai gyara. Ya gaya masa abin da ya gwada da abin da ya gani. Wannan zai rage ɓata lokaci da kuɗi. Ɗalibin da ya iya karatu yana iya karanta SW da MW da FM da lambobin mita da kansa. Zai kyautu ya karanta wa maƙwabtansa wannan jawabi.

Allah ya ba da ikon aiki da abin da aka ji.