Hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa: faci ya isa haka nan

 

Yau kan magana guda za mu tsaya, maganar hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta ratsa Ɗan Isa ta kai iyakar Jibiya. Tsawonta bai kai kilomita 60 ba, amma abincin gidaje da yawa a bisanta yake. Wakenku da ayarku da riɗinku da bisashenku ta nan suke bi zuwa Katsina da Kano. Masara da taki da kayan masarufi ta nan suke shigowa. A da, kayan da aka sauke a tashar jirgin ruwan Kwatano, suka biyo ta Gaya, da yawansu nan ce ƙofarsu ta ƙarshe.

A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, kuma kowa ya ji a jikinsa. To, iyaka ba ta dawwama a rufe. Duk ranar da aka buɗe iyaka, manyan motocin da suka yi wata da watanni a ajiye sukan taso gaba ɗaya. Ƙari a kan haka, a watan Satumba na 2020 gwamnatin Najeriya ta amince da aikin layin dogo mai kilomita 284, daga Kano ta Katsina da Jibiya har Maraɗi. Siminti da tsakuwa da ƙarafan wannan aiki a bisa mota za a kawo su, kuma in jirgi ya fara sauke kaya, mota ce za ta rarraba su. Zirga-zirga ƙaruwa za ta yi. Ku tambayi masu mulki: wane shiri suka yi wa hanyar nan a shekarun da suka yi bisa kujera?

Shirin da muka saba gani shi ne faci. In zaɓe ya matso a zuba jar ƙasa cikin ramu, a shafa kwalta sama-sama, ruwan farko ya wanke. Dalili kuwa a fili yake. Abu biyu ke kashe hanya: ruwan da bai samu mafita ba, da lodin da ya wuce ƙima.

Mu fara da ruwa. Mutanen Maraɗi ba sa buƙatar a koya musu halin Gulbi. A 1945 ambaliya ta cinye tsohon gari da ke cikin fadama, dole aka tashi aka hau tudu. Damanar 2020 ma kun ga yadda gidaje suka zube, gonaki suka nutse a jihar nan. Ruwan da ke gangarowa daga tudu zuwa Gulbi sai ya ƙetare hanya, ko ta ƙarƙashi ko ta bisa. In kwalbati ya yi ƙanƙanta, ko yashi da leda suka toshe shi, ruwa ya kwanta a gefe, ya jiƙa ƙasar da ke ɗauke da kwalta, babbar mota ta taka, hanya ta burma.

Sai lodi. Ƙasashen UEMOA, har da Nijar, sun sa hannu tun 2005 a kan dokar da ta ƙayyade nauyin da babbar mota za ta ɗauka. Doka na nan a takarda. Abin da ya rage shi ne a riƙa awo, a kuma hana a saye mai awon.

Ga abin da muka ɗauki alkawarin kai wa majalisar dokoki, in kun ba mu ƙuri'unku.

Na ɗaya, a ɗaga hanyar a duk inda ruwa ke kwanciya, a sa manyan kwalbatoci da kadarko daidai ƙarfin ruwan wurin. Kafin injiniya ya zana komai, ya zauna da manoman wurin, don su suka san inda kowace ƙorama ke bi. A yashe magudanai kowace shekara kafin watan Yuni, a ba matasan garuruwan aikin.

Na biyu, a faɗaɗa ta, a fitar da gefe na daban domin amalanke da ƴan kabu-kabu da masu tafiya a ƙasa. Mai amalanken da ya fito da asuba bai kamata ya yi gogayya da tirela ba. A sa tudun rage gudu a bakin makarantu da kasuwanni.

Na uku, a gina tashar manyan motoci a Ɗan Isa, da fitilu masu aiki da hasken rana, don masu jiran takardun duwan su daina jeruwa a bisa kwalta. A kafa sikelin awo a wurin.

Na huɗu, a kafe allo a bakin hanya, da Hausa da Faransanci, ɗauke da sunan ɗan kwangila, kuɗin aiki da ranar gamawa. Direbobi na biyan kuɗin hanya a shinge kullum. Haƙƙinsu ne su san inda yake shiga.

Wannan magana ta shafi rai. Mace mai naƙuda da aka ɗauko daga ƙauye zuwa asibitin Maraɗi, kowane rami jinkiri ne gare ta. Kuma a wannan lokaci da ƴan bindiga suka addabi yankin iyaka, motar da ta tsaya da dare tana lallaɓa rami ta shiga hatsari.

Masu mulki za su zo neman ƙuri'a, ta wannan hanya za su biyo. Ku tarbe su da mutunci, ku tambaye su yaushe, nawa, wa zai yi. Mu ma ku ajiye wannan takarda, ku tuhume mu da ita in mun saɓa. Ranar zaɓe ku ɗauki katinku, ku fito da iyalanku, ku zaɓi canji.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya kai kowa gida lafiya.